Shin ana iya sasanta rigimar haraji ba tare da an je kotu ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin jigilar kaya. Bayan an binciki littattafanmu na shekara uku, hukumar haraji ta ƙi amincewa da kuɗin gyaran motoci da muka cire daga riba, ta ce rasit ɗin ba su gamsar da ita ba, sannan ta ɗora mana ƙarin haraji da tara. Na rubuta takardar ƙorafi mai shafi shida, aka ba ni amsa mai layi huɗu da ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin hujjojina ba. An ba ni shawarar in nemi sulhu ta hanyar mai shiga tsakani, amma abin ya ɗaure mini kai: tunda doka ce ta yanke abin da kowa zai biya, me ya rage da za a sasanta?

Tsohuwar akanta:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ake zama a kansa a wurin sulhu shi ne gaskiyar abin da ya faru, domin jami'in haraji ba shi da ikon yafe abin da doka ta wajabta. Naka kuwa na hujja ne: an yi gyaran ko ba a yi ba, kuma motocin na kamfani ne ko na gida. A irin wannan zaman na sha ganin an baje takardu a kan tebur, an jera kowane rasit da takardar banki da lambar mota, sai jami'in ya gane cewa bakanike ɗaya ne yake rubuta sunansa iri biyu, abin da wasiƙun wata takwas suka kasa warwarewa.

A Birtaniya hukumar harajin ƙasar, HMRC, ta mayar da wannan hanya aikin yau da kullum tun 2013. Sai dai tsarin da ta kafa a 2007 ya hana ta raba gardama biyu a batun da dole ɗayan ɓangarorin ne yake da gaskiya, wato ba a cewa ka biya rabi mu yafe rabi. A Amurka sashen ɗaukaka ƙara na hukumar harajin ƙasar, IRS, wanda yake aiki tun 1927, yana da sassauci fiye da haka, saboda an yarda ya auna yiwuwar gwamnati ta faɗi a kotu ya rage kuɗin daidai da hakan. Suna kuma da sasantawar gaggawa wadda ake so a kammala cikin kwana 60 ga ƙananan 'yan kasuwa, kwana 120 ga manyan kamfanoni.

Lauya mai sha'awar haraji:
Na yarda da Hajiya, amma zan ja kunnenka kan abu ɗaya da yake kayar da mutane da yawa. Neman sulhu ba ya tsayar da wa'adin ɗaukaka ƙara sai inda doka ta faɗi haka ƙarara. A Birtaniya wa'adin kwana 30 ne, kuma yana ci gaba da tafiya ko da kuna tsakiyar tattaunawa. Saboda haka ka shigar da ƙararka a kan lokaci, daga baya ka nemi a dakatar da ita har a ga yadda zaman zai kaya.

Ka kuma bambanta mai shiga tsakani da mai raba gardama. Na farko ba ya yanke hukunci, kana iya tashi ka bar zaman, shi kuwa na biyu abin da ya yanke ya hau kanka. An fi ganin na biyun a rigingimun da suka tsallaka iyaka, kamar yadda kamfanonin Vodafone da Cairn suka yi nasara a kan Indiya a 2020 game da harajin da ta mayar da hannun agogonsa baya a 2012, har ta soke shi a 2021. Wannan fage ne na manya, bai shafi gyaran motocinka ba.

Mai shakka:
Ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne, a Birtaniya da Amurka duka mai shiga tsakanin yawanci ma'aikacin hukumar ne, an dai ce ba shi ya riƙe fayil ɗin ba. Wanda yake karɓar albashi daga ɓangare ɗaya, yaya zai tsaya a tsakiya?

Tsohuwar akanta:
Shakkarka tana kan hanya, ɗan'uwa, amma tunda ba shi da ikon tilasta maka komai, ɓarnar da zai iya yi kaɗan ce. Malam mai tambaya, kafin ka zauna ka nemi a rubuta maka cewa ba za a yi amfani da tayin da ka gabatar a zaman a matsayin hujja a kotu ba, ka kuma tabbatar cewa jami'in da zai zo yana da ikon sa hannu a kan yarjejeniya. Ka tafi da takardun banki na shekarun ukun, ba rasit kaɗai ba.