Sefar Maraɗi za ta ci a Garwa?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kawuna zai aike ni Garwa ta Kamaru sati mai zuwa. Akwai ragowar sefa a hannunsa tun zuwansa Maraɗi, ya ce in tafi da ita. Za ta ci a can?

Alhaji Baba: Wa alaikumus salam. Yaro, suna ne ya zo ɗaya. Ta Nijar bankin BCEAO ke fitar da ita, hedikwatarsa na Dakar, ƙasashe 8 ke kashe ta. Ta Kamaru da Chadi kuwa ta bankin BEAC ce da ke Yawunde, ƙasashe 6. Mai shago a Garwa juya takardar zai yi ya miƙo maka abarka.

Auwalu: Ikon Allah! Amma Baba, na ji an ce darajarsu ɗaya.

Malam Nura: A takarda haka ne. Dukansu an ɗaure su da yuro, sefa 655.957 kan yuro guda, tun 1999. Sai dai ɗan canji bai san wannan lissafin ba, sai ya cire ladansa.

Alhaji Baba: Ni da na ga 1994 ba na ajiye sefa a gida. Cikin Janairu aka wayi gari an karya ta rabi, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Ina da buhun goro bashi a lokacin, kada ku so ku ji.

Hajiya ta Maraɗi: Alhaji, wannan labarin naka ya kai sau goma a zauren nan. Ɗana, ka bar wa kawunka kuɗɗinshi, ai zai sake zuwa wurinmu. Canza ta zuwa naira, sannan naira zuwa ta Kamaru, asara biyu ke nan.

Malam Nura: Gaskiyar Hajiya. Ka je Wapa, kasuwar 'yan canji a Fagge ta Kano, ka ce musu ta Kamaru kake so, ka faɗa da bakinka, don in ka ce sefa kawai ta Nijar za a ɗauko maka. Taya wuri uku kafin ka sallama.

Sadiya: Ni dai a Yola nake ganin ya fi. 'Yan canjin can kullum da Kamaru suke hulɗa, ba ta yanke musu.

Malam Nura: To ya raba biyu. Kuɗin mota da na abinci daga Kano, sauran a Yola. Kuma hannu da hannu, a ƙirga a gabanka. Ban da "je ka, zan turo".

Sadiya: Ka roƙi ƙananan takardu, 500 da 1,000 da 2,000. 'Yar dubu 10 wahalar canji gare ta wurin mai shayi. BEAC ta fito da sababbin takardu a Disambar 2022, a nuna maka su ka san kamanninsu.

Auwalu: Na gode ƙwarai. Kawu ya ce ragowar dala dubu ce, shi ya sa na damu.

Hajiya ta Maraɗi: Dalar wa? In tamu ce, dala guda sefa 5 ce. Jikka biyar ke nan duka, ɗana, sefa 5,000.

Auwalu: Innalillahi. Ni da na kwana ina tunanin inda zan ɓoye ta a wando.

Alhaji Baba: Bar masa ya sha fura da ita a Maraɗi.