Magana da dattijo a ɗakin kulawa ta musamman

A wata tattaunawa da ma'aikatan jinya suka yi da mutanen da ke jinyar iyayensu a asibiti, an fi nanata cewa dattijon da aka zura wa bututun numfashi ba ya iya magana, amma sau da yawa yana ji. A yi masa sallama, a ce "Baba, sannu", a faɗa masa ranar da ake ciki da inda yake, domin ruɗewa na yawan kama tsofaffi a ɗakin nan. A mayar masa da tabaransa. A riƙa yin tambaya ɗaya-ɗaya mai amsar i ko a'a, ya matsa hannu ko ya ƙifta ido, kuma a jira shi. Wasu sun koka, da gaskiyarsu kuwa, kan masu zancen ciwonsa a kansa kamar ba ya wurin.