Makon atisayen Ironman a zafin Jidda

Sani, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina shirin gasar Ironman, wadda ake iyo kilomita 3.8, tuƙin keke kilomita 180, sannan gudun kilomita 42.2 a yini guda. A makon nan na yi iyo sau uku a Bahar Maliya, ranar Juma'a kuma na yi awa biyar a kan keke, amma da na sauka na fara gudu, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Na wuce gona da iri ne?

Malam Bashir, Makka:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan nauyin kowa na jin sa, domin tsokar da ta daɗe tana murza feda ba ta saurin komawa gudu. Maganinsa shi ne ka riƙa ɗan gudun minti ashirin duk lokacin da ka sauka daga keke. Abin da ya fi damuna shi ne zafin Jidda, wanda ke kwashe gishirin jiki ta gumi, kuma ruwa zalla ba ya mayar da shi.

Habibu, Madina:
Yaya Sani, ka fita bayan sallar asuba, ka kuma ware rana guda ta hutu cikakke.