Wa ya iya polvoron, alewar madarar 'yan Filifin? Tawa rugujewa take yi

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin jinya a wani asibiti a Jidda, kuma yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne. Duk wadda ta je hutu gida ba ta dawowa hannu rabbana, sai da tsaraba, wadda su suke kira pasalubong. A cikin tsarabar nan na fara cin polvoron, wata 'yar alewa da ba ta fi faɗin yatsu biyu ba, an naɗe ta a leda mai launi an murɗe bakin nan da na can. Kana jefa ta a baki take narkewa ta koma gari, ga daɗin madara ga ƙamshin soyayyar fulawa. Sau ɗaya na kawo wa yara, tun daga ranar ban huta ba.

Na tambayi wata a cikinsu, ta ce abu huɗu ne kacal: fulawa, madarar gari, sukari, bota. Ranar Juma'a na ɗaura ɗamara. Fulawa kofi 2, Nido kofi 1, sukari kofi 1, bota cokali 3. Na soya fulawar kamar minti 5, na juye sauran kayan a kai tana kan wuta. Ƙasan ya kama, madarar ta yi gudaji, ɗanɗanon kuma na ɗanyen fulawa. Da na dunƙula na ajiye a faranti sai ta baje. Maigida ya leƙo ya ce, "Garin kunu kike haɗawa?" Don Allah ina na kuskure?

Ɗan Dagupan:
Wa alaikumus salam Hajiya. A Filifin na yi karatu, matar da nake haya a gidanta sana'arta ke nan, na sha taya ta naɗewa. Kuskurenki uku ne.

Babba a ciki shi ne suyar. Fulawar ita kaɗai ake zubawa a busasshen kasko, wuta can ƙasa, ki yi ta juyawa da muciya ba ɗagawa minti 15 ko sama da haka, har ta tashi daga fari ta koma ruwan ƙasa mai haske, gidan ya ɗauki ƙamshi kamar ana suyar gyaɗa. Idan kika waiga amsa waya, ta ƙone. Sannan ki sauke, ki tankaɗe da rariya, ki bari ta huce. Madara ba ta ganin wuta ko kaɗan, zafin ne ya dunƙule miki ita.

Botar kuma kin yi mata rowa. A kan kofi 2 na fulawa ki narka rabin kofi ko ɗan fiye, sukarin ki rage shi zuwa kashi uku cikin huɗu na kofi. Ki damƙi haɗin a tafin hannu: in ya tsaya da shatin yatsunki, ya yi, in ya zube, ƙara bota kaɗan. Su suna da ɗan ƙarfe mai madanni da ake cusa garin a ciki a turo shi waje. In babu, cokalin awon madarar jarirai ya wadatar, ki danna iya ƙarfinki. Ki sa a firji rabin awa kafin ki naɗe.

Amma kada ki sa ran za ta yi tauri kamar tuwon madara. Sunan ma daga kalmar Sifaniyanci polvo ya fito, wato ƙura. A wajen biki har wasa suke yi da ita, a cika wa yara baki a ce wa zai riga yin fito.

Ummu Khairat:
Ni fa na taɓa jin cewa da man alade ake yin wannan abu. A dai bincika kafin a ba yara.

Ɗan Dagupan:
Kin ji gaskiya Malama, amma na Sifen ne, irin wanda ake yi a garin Estepa lokacin Kirsimeti, shi da kitsen alade aka saba yinsa kuma gasa shi ake yi. Sifaniyawa sun mulki Filifin sama da shekara 300, har zuwa 1898, sunan ya zauna, girkin ya sauya ya koma bota da madara. Na kanti dai a duba jikin kwali.

Inna Ta Gwammaja:
'Yata, wannan ai dakuwa ce ta je boko. Ki daka soyayyar gyaɗa ki zuba, sai ta fi kama jikinta.

Maman Sadik:
Inna kin sa ni dariya, kuma ashe suna sa gyaɗar, har da kashu da wata soyayyar shinkafa da ake kira pinipig. Malam na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na sake, minti 18 na yi a tsaye a kan kasko, na samu guda 31, biyu kawai suka fashe. Na kai wa abokiyar aikina, ta ci ta ce sukari ya ɗan yi yawa, amma ta sa huɗu a aljihu.