Man dare mai goge tabon fuska: in ci gaba da shafawa ko in dakata?

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara.

Ni baƙa ce, kuma launina bai taɓa damuna ba. Tabo ne matsalata. Tun ina sakandare nake fama da ƙurajen fuska, musamman a haɓa da gefen kumatu idan al'ada ta matso, kuma duk ƙurjin da ya fito, ko ban taɓa shi ba, sai ya bar min baƙin ɗigo. Kafin wannan ya dushe wani ya fito.

Bikin ƙanwata saura wata guda da 'yan kwanaki, ni ce babbar yaya, ba yadda za a yi in ɓuya wa masu hoto. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wata mai sayar da kayan gyaran jiki a WhatsApp, na sayi wata 'yar ƙaramar kwalba naira dubu takwas. Man launin ruwan ƙwai ne da shi, mai kauri, ga ƙamshi mai hawa kai. Mai man ta ce da daddare kaɗai ake shafa shi, a wanke da asuba, kuma haɗin oganik ne babu kemikal ko ɗaya. A jikin kwalbar babu komai sai sitika mai sunan kasuwancinta da lambar waya. Ba jerin abubuwan da aka haɗa, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa.

Ban cika sati biyu da farawa ba, ga abin da nake gani. Fuskar ta yi haske sosai, har a makarantar da nake koyarwa malamai mata sun fara tambayata sirrin. Ƙurajen ma sun kwanta. Amma tabon yana nan, sai ma ya fi fitowa saboda kewayensa ya fi shi yin fari. Wuyana da fuskata sun fara bambanta. Idan na tsaya gaban murhu ko na shiga adaidaita sahu da tsakar rana, kumatuna sai su riƙa raɗaɗi. Na gaya wa mai man, ta ce alamar yana aiki ne, in ƙara haƙuri.

Shin haka abin yake? In ci gaba zuwa bayan biki, ko in ajiye?

Maman Biyu:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki ajiye shi yau, ba gobe ba. Kar garin neman gira ki rasa ido.

Yayata uwa ɗaya uba ɗaya da haka ta fara, tabon ƙuraje ne kawai take son gogewa. Shekarar farko kowa sai yabo. Daga baya saman kumatunta, nan ƙasan ido, ya yi wani irin baƙi mai shuɗi-shuɗi, jijiyoyi suka fito kore shar a gefen fuskarta, gaɓoɓin yatsunta kuma suka yi baƙi ƙirin. Duk ranar da ta ce ta daina sai fuskar ta feso da ƙuraje, sai ta koma. Yanzu ko zuwa maƙota ba ta yi sai da hoda mai kauri. Ita ma ce mata aka yi oganik ne.

Mai Kemis a Zariya:

'Yar'uwa, harhaɗa magunguna na karanta, kuma irin tambayarki tana zuwa min a kanta kusan kullum. Zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri.

Mu fara da shi kansa tabon. A fatarmu akwai ƙwayoyin da ke samar da launi, wato melanin. Idan wuri ya kumbura, ko da ƙurji, ko ƙuna, ko cizon sauro da aka sosa, ƙwayoyin nan sai su zuba launi fiye da ƙima a daidai wurin. Mu baƙaƙe abin ya fi kama mu, kuma ya fi daɗewa a jikinmu. Fatar sama tana ɗaukar kimanin sati 4 kafin ta sabunta kanta, kuma zagaye ɗaya bai isa ya kwashe launin ba. Shi ya sa ko da maganin da likita ya rubuta, ba a cika ganin bambanci na gaske ba sai bayan sati 8 zuwa 12. Tabon da ya yi duhu sosai yakan kai wata 6 zuwa shekara. To idan mai ya haskaka miki fuska gaba ɗaya cikin kwanaki, ya kwantar da ƙuraje lokaci guda, sannan fata ta fara jin zafin murhu, ba karas da kurkur ke wannan aikin ba.

Ba zan iya rantsewa kan abin da ke cikin kwalbarki ba sai an kai ta ɗakin gwaji. Amma abubuwa uku ne aka saba samu a irin waɗannan haɗe-haɗen.

Wanda na fi zargi a labarinki shi ne sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason. Magunguna ne na gaske, masu ƙarfi, ana ba da su na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata. Masu haɗi suna sayen tub-tub ɗinsu su matse a cikin mai. Yana kashe kumburi nan take, shi ya sa ƙurajenki suka kwanta, yana kuma tsuke jijiyoyin jini na fata sai ta yi fayau. Idan aka daɗe, fatar takan yi siriri, nankarwa ta fito, gashi ya tsiro a fuska, makero da sauran cututtukan fata su samu wurin zama, ciwo ya riƙa jinkirin warkewa. Masu shafe jiki duka shekara da shekaru kuwa yana iya ratsawa cikin jini ya taɓa hawan jini da sukari.

Sai haidrokwinon, sinadarin da ke rage launin fata. Shi likitocin fata suna amfani da shi, amma a kan tabon kaɗai, na 'yan watanni, sannan a tsaya. Baƙi mai shuɗin da Maman Biyu ta kwatanta a kumatun yayarta ya yi kama da abin da yake jawowa idan aka daɗe ana lafta shi, kuma wannan tabon ya fi na ƙuraje wuyar magani nesa ba kusa ba. Tarayyar Turai ta cire shi daga kayan kwalliya tun 2001. A Amurka ma tun 2020 ba a sayar da shi sai da takardar likita. A nan gida, dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba. Wadda ke haɗawa a roba da cokali a tsakar gidanta, da me ta auna?

Na ukun shi ne zaiba, wanda 'yan boko ke kira makuri. Shi ya fi ban tsoro don ba a fata yake tsayawa ba. Yana taɓa ƙoda da jijiyoyi, yana kaiwa ga ɗan da ke ciki, yana fita a ruwan nono, har wanda kuke haɗa tawul da matashin kai yana iya ɗauka. NAFDAC ta haramta shi da sitiroyid gaba ɗaya a kayan kwalliya, kuma a 2023 hukumar ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Maganar dare kuma, ba wani sirri a cikinta. Akwai magunguna na ƙwarai da ake shafawa da daddare saboda hasken rana yana lalata su ko suna sa fata saurin jin rana. Don an ce mai na dare ne, ba yana nufin a dare ɗaya zai yi aiki ba, ba kuma shaidar yana da kyau ba ce.

Shawarata: ki daina. Tunda ba ki daɗe ba, da sauƙi. Wataƙila ki ga ƙuraje sun ɗan dawo ko fuskar ta yi ƙaiƙayi na kwanaki, kar wannan ya sa ki koma. Wadda ta yi watanni tana shafawa ita kam kar ta yanke da kanta, ta je asibiti a janye mata a hankali.

Hajja Mai Dilka:

Malam mai kemis, maganarka gaskiya ce, amma kar a haɗa mu duka a shafa mana baƙin jini. Ni gyaran amare nake yi tun kafin a san sayar da kaya a waya, dilka da halawa da turaren jiki, kuma ban taɓa matsa tub a kayana ba. Wadda ta zo min tana son ta zama fara kafin ɗaurin aure, ina gaya mata ta nemi wani wurin.

Sai dai 'yata, zan faɗa miki abin da masu sana'ata ba sa so a faɗa: dilka ba ta goge tabo. Tana cire dattin fata, jiki ya yi santsi da sheƙi, shi ke nan. Kuma fuskar da ke raɗaɗi irin taki, ko kin kawo min kuɗi ba zan murje ta ba, ƙara ɓata ta zan yi. Kar kuma wata ta ce ki shafa lemon tsami ko makilin ko tafarnuwa. Na ga yarinyar da lemon tsami ya ƙone wa kumatu bayan ta fita rana, tabon da ya bari ya ninka wanda take gudu.

Biki yini nawa ne? Ki nemi mai kwalliyar da ta iya haɗa hoda daidai launinki, ba wadda za ta mayar da ke fara ba. Tabon haɓa minti biyar ne aikinsa. Ki bar fuskar ta huta kafin ranar, hodar ma ta fi zama a kan fatar da ba ta ɓawo.

Baƙon Kumasi:

Mu ma a zango matsalar nan tana nan. Tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta sanar da hana mayuka masu haidrokwinon, amma har yau wadda ke nema tana samu. Abin da zan ƙara kawai, mu maza mu ma da laifinmu. Namiji ya zauna a majalisa yana cewa shi sai fara, sannan ya dawo yana zagin masu bilicin.

'Yar Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya ban shafa ba. Hajja, kin ba ni dariya, kuma zan nemi mai kwalliyar.

Malam mai kemis, to bayan na daina sai me? Tabon dai ina son ya tafi ko da zai kai baɗi. Sannan man kariyar rana da ake ta faɗa, ni da nake baƙa kuma kullum cikin hijabi, ina buƙatarsa? Na taɓa gwada na wata ƙawata, fuskata ta yi fari fat da toka-toka.

Mai Kemis a Zariya:

Sati biyu zuwa uku na farko kar ki sa komai mai ƙarfi. Sabulu marar zafi, sai man da ke riƙe danshi wanda ba shi da turare. Ban da goge fuska da soso. Idan raɗaɗin bai lafa ba, ko wurin ya fara tsagewa, ki tafi asibiti kai tsaye. Tunda a Kano kike, akwai sashen fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki tafi da kwalbar a jakarki su gani.

Bayan fatar ta huce, ƙurajen za a fara kamawa, don muddin sabo na fitowa sabon tabo na tafe. Magungunan shafawa irin su adafalin da azelaik asid suna da daɗin sha'ani a nan, domin kowannensu yana maganin ƙurajen yana kuma rage tabon. Adafalin da daddare ake shafawa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ya isa fuska duka, kuma a fara da tsallake dare ɗaya ko biyu saboda yakan busar da fata da farko, balle da hunturu. Idan ya yi miki zafi har fata ta kumbura, kin sake buɗe ƙofar wani tabon, don haka a bi a sannu. Niyasinamaid na kashi 4 ko 5 cikin 100 shi ma yana taimakawa kuma bai cika damun fata ba. Ki ɗauki ɗaya ki riƙe wata uku, kar ki tara biyar lokaci guda. Duk wanda za ki saya ki duba jerin abubuwan da ke ciki, da sunan kamfani da adireshinsa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa.

Ga masu karantawa da ke da ciki ko suke neman samu: ban da adafalin da ɗan'uwansa turetinoyin da haidrokwinon. Baƙin da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi lokacin goyon ciki, ko bayan fara ƙwayar tazarar haihuwa, wani abu ne daban da tabon ƙuraje, likita ya kamata ya duba shi.

Man kariyar rana kuwa, eh, kina buƙata. Hijabi ya rufe wuya da kunne, amma kumatu da haɓa, inda tabon naki yake, a waje suke. Rana tana ƙara wa tabo duhu ko da fatar ba ta ƙone ba, kuma ba tare da man kariyar ba sauran magungunan rabin aiki za su yi. Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa. Wanda ya yi miki toka-toka mai yiwuwa irin mai farin sinadarin zink ne. Akwai masu ruwa-ruwa da ke ɓacewa a fata, akwai kuma masu launin hoda, waɗanda suka fi dacewa da mai tabo don suna tare har hasken da ido ke gani. Ki shafa da safe kafin ki fita. Alwala tana wanke shi, saboda haka ki ajiye ƙarami a jaka, bayan sallar Azahar ki sake shafawa kafin ki fito neman adaidaita.