An ajiye mini sabuwar waya a kan in yi wa ɗan takara aiki a ɓoye, in karɓa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekara huɗu ina rubutu a Facebook kan ƙaramar hukumarmu a nan Kano. In na ga an sa gyaran makaranta ko asibiti a kasafin kuɗi, sai in hau babur in je in gani da idona. Bara na je wata firamare da aka kafa wa allon kwangila, na tarar da 'yan aji uku zaune a kan buhunan siminti, iska ta yaye rabin kwanon. Na sa hoton, bayan sati biyu aka zo aka buga sabon kwano. Tun daga nan mutane ke turo mini kokensu.

Ranar Juma'a wani abokin yayana, wanda ke cikin masu yi wa wani mai neman gwamna farfaganda, ya kira ni gidansa. Muna shan shayi ya turo mini waya a kwalinta. Ya ce dubu 150 duk wata, ga data. Sharaɗi biyu ne: abin da aka turo ta WhatsApp shi zan sa, kuma kada kowa ya san biyana ake yi. Ya ce amfanina shi ne mutane suna yi mini kallon ɗan ba-ruwanmu.

Gaskiya ko ba kuɗi ra'ayina ya fi karkata ga mutumin. Koyarwa nake yi a makarantar kuɗi, albashina dubu 40, mai ɗakina kuma cikinta wata bakwai. Wayar tana nan ban ɓare ledarta ba. Yaya zan yi?

Wani dattijo daga Fagge:
Ɗana, ɗaukar ɓangare ba laifi ba ne. Ni ɗan PRP ne tun 1979, lokacin da Abubakar Rimi ya ci Kano, Balarabe Musa ya ci Kaduna. Da aka soke haraji da jangali mu muka bi ƙauyuka muna yi wa talakawa bayani, wani lokacin a keke, ba mai ba mu ko kuɗin goro. Da jam'iyya ta dare gida biyu, santsi da taɓo, kowa ya san inda kowa yake, har a wurin ɗaurin aure. An tsige Balarabe a watan Yunin 1981, a ranar 10 ga Yuli kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, mutumin da alƙalami da baki ne kawai makaminsa. Duk da haka ban san wanda ya ɓoye hularsa a aljihu ba. Abin da ya tsaya mini a maganarka shi ne sharaɗi na biyu. Mutumin nan ba rubutunka zai saya ba, yana da yara ɗari masu rubutu. Yardar da iyayen yaran firamaren nan suka yi maka ita yake ciniki, kuma ba taka ba ce kai kaɗai balle ka sayar. In kana son ɗan takarar, fito ka ce kana son sa.

Wani matashi daga Rijiyar Lemo:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma zamaninku ba a sayen madarar jarirai da tsadar yau. Malam, karɓi abinka. Sojojin baka na rediyo kyauta suke yi? Sai dai ka ji tawa. Na yi irin wannan aikin a 2019, har zaɓen da aka ce bai kammalu ba, aka ƙarasa a mazaɓar Gama. Wata biyar aka biya mu, na shida aka ce a yi haƙuri sai an rantsar. Wata rana da asuba na duba waya na ga an cire mu duka daga zauren. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamata saboda zagin da na yi wa iyayen gidansu. Don haka ka ce a riƙa ba ka kuɗin a farkon wata, kuma ka buɗe wani shafin da wani suna.

Wata lauya:
Ƙanena, shawarar buɗe shafi da sunan bogi kada ka ɗauke ta, lambar wayarka tana haɗe da NIN ɗinka. Kuma ka lura da wannan: su za su rubuta, sunanka zai hau. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi aka fi kama masu rubutu da shi. An yi masa gyara a 2024, an rage faɗinsa, amma har yanzu ana gayyatar mutane ofishin 'yan sanda a kansa, ga kuma ƙarar ɓata suna. Ranar da aka turo maka zargin sata a kan wani, ba takarda ba shaida, kai za a nema, wanda ya turo ya riga ya goge saƙonsa.

Ba tsoro nake ba ka ba, amma Abubakar Idris Dadiyata, mai rubutun sukar 'yan siyasa a intanet, malamin jami'a ne, kuma daga gidansa na Barnawa a Kaduna aka ɗauke shi a watan Agustan 2019. Ja'afar Ja'afar na Daily Nigerian da ya fitar da bidiyon nan na zargin Gwamna Ganduje da karɓar daloli a 2018 yana da jarida da lauyoyi, duk da haka sai da ya bar ƙasar a 2021. In za ka shiga haɗari, ya zama a kan abin da ka gani da idonka.

Wani malamin sakandare:
Ina tare da Baba. Ku tuna zaɓen gwamnan Kano na 2023. INEC ta ce Abba Kabir Yusuf ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705. A Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabge wa Abba 165,663, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Nuwamba, sai takardar hukuncin ta fito da saɓani a ƙarshenta, aka ce kuskuren rubutu ne. Sai 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta raba gardama. A watannin nan kowane ɓangare yaransa suna ta shelar nasara, mu kuwa a ɗakin malamai shafi biyu ko uku kawai muke buɗewa, na waɗanda muka san za su karanta takarda su faɗi abin da ke ciki ko da bai yi musu daɗi ba. Kai kana kan hanyar shiga cikin masu irin waɗannan shafukan.

Wata Hajiya:
Duk kun yi magana, ba wanda ya ce ya tambayi mai cikin. Ɗana, je ka faɗa mata. Sannan ka ce wa mutumin kana karɓar talla kamar yadda gidan rediyo ke karɓa: a biya, ka rubuta "talla" a samansa, sauran rubutunka ba ruwan kowa da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na mayar masa da wayar, na faɗa masa maganar Hajiya. Ya yi dariya ya ce wa zai karanta abin da aka rubuta wa talla, amma zai taɓa oga ya ji. Yayana ya kira ni ya ce na kunyata shi. Mai ɗakina kuwa ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta tambaye ni ko na fara tanadin ragon suna. Ban fara ba. In akwai wanda ya san inda ake neman mai koyar da darasin yamma a wajen Kurna ko Bachirawa, don Allah ya yi mini magana.