Shawarwarin 'yan wasan Scrabble kan haddar kalmomin Turanci

A zaman da muka yi da 'yan wasan Scrabble (wasan haɗa kalmomi da haruffa a kan allo don samun maki) ranar Asabar, kusan bakin kowa ya zo ɗaya: mai koyo ya fara da kalmomi masu harafi biyu, kada ya ɗauko ƙamus tun daga A. Q da Z maki 10 kowanne, J da X kuwa 8, kuma gajerun kalmomi ne ke ba su wurin zama. QI kuzarin rai ne a tunanin Sinawa, ZA gajarcen pizza, XU ƙaramin kuɗin Biyetnam, JO kuma masoyi a bakin mutanen Sukotlan. Duk suna cikin Collins, jerin kalmomin da ake gasa da shi a Najeriya.

An ɗan ja kan ma'ana. Wasu suka ce koyon ma'anar kalmomi ɓata lokaci ne, tunda alƙali ba ya tambayar fassara. Wani dattijo ya ce kalmar da ba ka san ma'anarta ba, ba za ka san ko tana karɓar ƙarin S ko ED a ƙarshenta ba. Ni dai ina bayansa.

Sai batun maki 50 na zubar da haruffa bakwai da ke hannun ɗan wasa gaba ɗaya. Haddace RETINA, ka ga abin da take haifarwa: ƙara S, ga RETAINS da NASTIER. S huɗu ne kacal cikin haruffa 100 na wasan, don haka a daina zubar da su a banza.

Da aka ambaci Wellington Jighere, ɗan Najeriyar da ya ci kofin duniya a 2015, sai hira ta koma kansa har aka kira magariba.